Murya Biyu a Ɗakin Mai Jego

Iyayena mata da 'yan'uwana na zumunta, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna a gidajenku. Sunana Rifkatu, amma yawancinku da Maman Istifanus kuka san ni. Ba ni da bakin tsayawa gaban jama'a, shi ya sa na zauna na rubuta. In kun ga kuskure ku yi haƙuri, da girmana na koyi riƙe biro a ajin yaƙi da jahilci.

Lokacin marka ne, a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Shekara ce da komai ya zama baibai. Masu keke suna ta karo da juna a hanyar kasuwa, kowa yana cewa shi ne a kan daidai. Ana labarin can arewa ruwa ya ƙi sauka, mu kuwa a Kafanchan ba mu ganin rana. Bango yana gumi, gishiri ya narke a kwano, ashana ta ƙi kamawa. Har yau in na tuna shekarar nan, wari ne yake fara zuwa mini kafin komai.

Ni 'yar Jaba ce, daga wani ƙauye kusa da Kwoi. A gidanmu ban taɓa cin abinci ni kaɗai ba. Mu da yawa muke sa hannu a ƙwarya ɗaya, mu kwana a tabarma ɗaya. Lokacin tsaga citta mata sukan zauna a inuwa tun safe, wuƙa tana aiki baki yana aiki, har mutum ya gaji da surutu. Ban san akwai wani ciwo wai shi kaɗaici ba.

Na yi aure ina wajen shekara ashirin. Yohanna, Baban Istifanus, shi na so, shi ma ya so ni. Aikinsa zuba kwal a injin jirgin ƙasa. Ya kawo ni ɗaki ɗaya a barikin ma'aikatan relwe. Ƙofofi ne a jere, famfo ɗaya a tsakar gida, kwata a baya, bayan kwata kuma bayan gida na bokiti. Yau yana Jos, gobe Makurdi. In ya dawo baƙi ƙirin, ya yi wanka, ya ci, ya faɗi kamar itace.

Hausata a lokacin ta kasuwa ce kawai: nawa, rage, na gode. In mata sun taru a famfo suna hira suna shewa, sai in tsaya bayan labule in jira su watse kafin in fita da bokitina. Ba wadda ta yi mini laifi. Tsoro nake kada in buɗe baki a yi dariya. Ran Lahadi a coci in zauna a bencin baya, kafin a gama addu'ar rufewa na kama hanya.

Cikin wannan zama na haihu.

Da aka sallamo ni daga asibiti, matan bariki suka shigo barka. Biyu daga cikinsu ya kamata ku sani. Ɗaya Maman Ladi, mutuniyar Kagoro, matar kafinta, babbar mace mai faɗin kafaɗa, ɗakinta yana ƙarshen layi. Ɗaya kuma Iya Tunde, Bayarabiya, bango ne kawai ya raba mu.

Maman Ladi ta ɗauki yaron ta juya shi, ta ce, "Amarya, wa zai yi miki wanka?"

Na ce, "Mama tana hanya."

Gaskiya na faɗa. Mama ta aiko cewa da zarar ta ji labari za ta taso.

Maman Ladi ta ce, "To, madalla. Ni kam na tuba da ɗora wa 'yar wata tukunya. Bara na yi wa wata yarinya a layin can, uwarta ta iso ta same ni da ganye a hannu. Zo ki ji faɗa! Wai ta mutu ne da za a taɓa mata 'ya? Wai na gasa mata ciki ba irin na garinsu ba. Har gaban fasto muka je."

Iya Tunde ta ce, "Ai gaskiya ne. Kowa da wankan garinsu. Mu bari Mama ya zo."

Aka yi dariya aka watse. Kun dai san al'adar. Haihuwar fari ta uwa ce. Ita za ta hura wuta, ita za ta gasa, ita za ta dama kunu. Ba a shiga gabanta.

Yohanna ya yi iyakacin ƙoƙarinsa a kwanakin farko. Yakan dafa ruwa ya ajiye mini a ƙofar wurin wanka, ya tsaya yana susar kai. Sai aka tura shi riƙon aikin wani a layin Maiduguri, aka ce zai daɗe. Ya tafi da kwanciyar rai, don a saninsa Mama za ta iso washegari.

Washegari kuwa, ana tsuga ruwa, kowa yana cikin ɗaki, sai ga Kawu Dogo, wani ɗan garinmu mai kawo busasshiyar citta kasuwa. Ya sauke kwando a ƙofa. Da yarenmu ya faɗa mini: Mama ta zame a kan dutse tana dawowa daga gona, ƙafa ta karye, tana hannun maɗori. Ba tafiya sai bayan damina. Ta ce in yi haƙuri, in nemi wata babba a nan ta tsaya mini. Bai ko zauna ba, motarsu tana jira.

Na jawo kwandon ciki na rufe ƙofa. Acca ce, da daddawa, da garin tamba, da tsohon zanenta da ta aiko a yi goyo da shi. Na sa fuskata a zanen. Hayaƙin ɗakinta ne, da gumin jikinta.

Ban san lokacin da na ce, da yarenmu, "Mama, kin zo?"

Sai na amsa wa kaina. Mama tana da murya mai kauri, kamar kullum faɗa take yi ko da wasa ne, kuma tun ina ƙarama na iya kwaikwayonta. Na ce, "Na zo mana! Da me kike tsammani? Tashi in ga yaron."

Na yi dariya. Rabona da dariya har na manta. Na ci gaba. Na tambaye ta labarin gida, ta ba ni. Na tambayi akuyarmu, ta ce ta haifi biyu.

Ashe Iya Tunde ta ga fitar Kawu Dogo ta taga, ta ga kwando, yanzu kuma tana jin murya biyu ta bango, da yaren da ba wanda yake ji a duk barikin. Ta buga ƙofa da murna.

"Amarya! Mama ya iso? Barka, barka! Mama sannu da hanya o!"

'Yan'uwa, a nan ne ya kamata in buɗe. Na dubi ɗakin. Nafkin a jiƙe cikin daro, kwanukan jiya ba a wanke ba, ni kaina zanena duk jini. Na ce a raina bari in gyara tukuna, gobe in faɗa musu. Sai bakina ya ce, "Tana hutawa."

Gobe ta zo, ɗakin ya fi jiya ƙazanta.

Daga ranar suka ja baya, don girmamawa. Ba mai shiga ɗakin mai jego uwarta tana ciki ba a ce mata shigo ba. Sai su tsaya a waje: "Mama, ina gajiya?" In ce tana barci. In ce ta zagaya. In ce ba ta jin Hausa. Suka riƙa ajiye abinci a bakin ƙofa, langa biyu, ɗaya tawa ɗaya ta Mama.

Ni kuwa abinci ya fita raina. In na buɗe langa sai in rufe. Ba dama in mayar musu yadda suka kawo, ba dama in zubar a kwata a gani. Sai na samu bokiti mai murfi, ina juyewa a ciki, in tara langa a ruwan indararo in ɗauraye, in tura waje. Bokitin na tura shi ƙarƙashin gado.

Ku yi mini haƙuri da abin da zan faɗa, na san wasu ba su daɗe da cin abinci ba. Amma in ban faɗi irin ramin ba, ba za ku san girman hannun da ya ciro ni ba.

Wanka na daina. Da farko don ba ƙarfin ɗaukar ruwa, daga baya don ina tsoron a gan ni a tambaye ni ina Mama. Jinin biƙi yana zuba yana bushewa a jikina. Nono ya zuba a riga ya yi tsami, ya bushe ya yi tauri kamar fata, wani ya sake zuba a kai. Nafkin ɗin da na iya ɗaurayewa na shanya a igiya cikin ɗaki, ba ya bushewa, sai funfuna. Zarni, ƙarni, tumbuɗi. Ƙudaje sun san ɗakina fiye da maƙwabta. Kyankyasai ba su jiran in kau da ido. Gashina ya dunƙule, in na sosa sai in ji abu a farce. In na ɗaga hannu, ni da kaina sai in kau da kai.

Tir! Ni da Mama ta koya wa share tsakar gida kafin kaji su sauko!

Ta bango ina jin abin da ake faɗa. Hausata ba yawa, amma zagi ba ya wuyar ganewa.

"Wannan tsohuwa wace iri ce? Ko leƙowa ta ce sannu."

"Wataƙila bai da zane mai kyau, yarinya yana jin kunya."

"Kunya ko girman kai? Mu ne bayinsu, mu yi ta dafawa."

Wannan ya ƙara ɗaure ni. Yanzu in na buɗe, ga ƙazanta ga ƙarya.

Amma duk wannan ba shi ne abin ba. Abin da ya kawo ni gabanku shi ne yaron.

Na fara ƙyamarsa.

Ɗana na cikina, Istifanus ɗin nan da kuke gani yana tafiya firamare da allonsa a wuya. In ya yi kuka, jikina ya yi yar kamar an taɓa ni da abu mai sanyi. In zan ba shi nono, in juya fuska bango in ƙidaya tsagar siminti har ya saki. In ya ɓata jikinsa, in riƙe shi da yatsu nesa da ni kamar tsumman da aka tsamo daga kwata. Ba na duban fuskarsa. Bakinsa a jikina ji nake kamar matsattsaku. Allah ya gafarta mini, haka nake ji. Ban taɓa dukansa ba, ban hana shi nono ba, amma ba ɗigon so a cikina. Na nema, na sake nema, wayam.

Sai hirar nan da Mama ta zama ita ce abincina. Daga safe har yamma muna magana. Da farko daɗi take yi. A hankali muryar ta canja. Ta fara faɗin abin da uwata ba ta taɓa faɗa mini ba, ba kuma za ta taɓa faɗa ba.

"Dube ki. Alade ya fi ki tsabta."

In ce, "Mama, na gaji."

"Ko akuya tana lashe ɗanta. Ke mece ce?"

In ce, "Ban sani ba."

"Ba uwa ba ce ke. Ba da shi ga masu so, ki tafi inda ba a san ki ba."

Daga bakina maganar take fita, 'yan'uwa, amma ba ni nake shirya ta ba. Yau na san mai ita. Shaiɗan ba ya zuwa da ƙaho. Ni da muryar uwata ya zo mini, don ya san ita kaɗai nake buɗe wa ƙofa.

Na yarda da shawarar. Na san ranar da matan bariki suke tafiya taron zumuntar mata a coci da la'asar, layin ya zama ba kowa. Na ce zan naɗe yaron in ajiye a ƙofar Maman Ladi, inda akwai rumfa ruwa ba zai taɓa shi ba. Tasha ga ta nan kusa. Duk jirgin da na samu in shiga. Ban yi tunanin inda zan sauka ba, ban ma damu ba.

Ranar ta zo. Na ji fitarsu, na ji takalmansu a cikin taɓo, na ji shiru. Na shimfiɗa zanen Mama a gado. Da na ɗaga yaron, kansa ya koma baya, wuyansa ya buɗe.

Wayyo Yesu!

Duk lanƙwasar wuyan ta saɓule. Ja wur, tana ruwa, ga wani farin abu kamar dusa ya taru a ciki, tumbuɗin kwana da kwanaki. Ɗoyin ya buge ni a fuska. Ashe abin da yake wa kuka ke nan. Na ajiye shi, ban kai ga daro ba, na yi amai a ƙasa. Ba komai a cikin, ruwa ne mai ɗaci. Na durƙusa a cikinsa.

A nan na yi addu'a. Ba irin wadda aka koya mana a ajin baftisma ba. Ban ce na gode ba, ban ce tsarki ya tabbata ba. Da yarenmu na yi, da muryata ni kaɗai.

Na ce, "Ubangiji, ka gan ni. Ina wari. Ina ƙyamar kaina, ina ƙyamar abin da ka ba ni. In kai ma kana ƙyamata, ba zan ga laifinka ba. Amma yaron nan bai yi komai ba. Ni ba zan iya buɗe ƙofar nan ba. In kana so a buɗe, ka aiko wanda zai buɗe."

Na jira muryar nan ta amsa da zagi yadda ta saba. Ba ta amsa ba. Ruwa ne kawai a kan kwanon rufi.

Ban tashi daga wurin ba aka buga ƙofa. Ba irin bugun gaisuwa ba, da tafin hannu.

"Amarya! Ni ce Maman Ladi. Na zo gaishe da Mama. In tana barci a tashe ta, in ta zagaya zan jira."

Ashe ba ta je zumunta ba. Daga baya ta ce mini ta ɗaura kallabi ta ɗauki littafin waƙarta, ta kai bakin titi, ƙafarta ta ƙi gaba.

Na buɗe baki in ce tana hutawa. Maganar ta ƙi fita. Na ja jiki na zare sakata.

Ba zan ɓoye muku ba, kuma ita ma ta ce in faɗa. Da warin ya dake ta, baya ta yi. Ta ce "Yesu!" ta toshe hanci da bakin kallabi, ta juya ta tofar da yawu a cikin ruwa. Na ce shi ke nan, ta tafi kiran mutane su zo kallo. Sai na ga ta ajiye littafin a kan taga, ta kwance zane ta sake ɗaure shi tamau a ƙugu, ta shigo.

Ta dubi gado, ta dubi bayan ƙofa. Ɗaki ɗaya ne, ba wurin ɓuya.

"Ina tsohuwar?"

"Tana gida. Ƙafarta ta karye."

"Yaushe ta koma?"

"Ba ta zo ba."

"Ba ta zo ba? To da wa kike magana kullum?"

"Da ni."

Sai ta ɗora hannu biyu a ka.

"Mu ne jakai. Mu ne manyan jakai! Tun shekaranjiya nake zagayawa bayan ɗakin nan ina duba kwatarki. Kwatar mai jego tururi take yi safe da yamma, kaza ba ta iya taka ta. Taki har kwaɗi suna waƙa a ciki. Na ce wace irin uwa ce wannan ba ta hura wuta? Na ce in yi magana, na tuna faɗan bara, na kama bakina. Kai, tir da ni!"

Ta ɗauki yaron. Ba da yatsu ba, da hannu biyu, ta manna shi a ƙirjinta da ɗoyinsa da komai. Ta duba wuyan ta ja tsaki. Ta leƙa waje, lokacin mata sun fara dawowa.

"Iya Tunde! Ajiye jakar nan ki zo! Ki zo da itace da garwa. Kada ki kira kowa, ke kaɗai."

Iya Tunde ta shigo tana cewa, "Ina Mama, yau dai na gan shi," sai ta tsaya cik. Maman Ladi ta faɗa mata a taƙaice. Iya Tunde ta tattara nafkin ta fita da su, ta dawo da tsintsiya. Da ta kai tsintsiya ƙarƙashin gado ta ji bokiti. Na ce kada ta buɗe. Ta buɗe.

Tsutsa ce fari fat, tana motsi har murfi.

Ta yi tsalle ta koma bakin ƙofa. "Ye! Ni ban dafa shinkafa mai tafiya ba o! Amarya, abincina ne ka kiwata haka? Da ka faɗa mini, ai da na kawo wa kaji!"

Maman Ladi ta ce, "Ɗauka ki fita da shi, sarkin surutu."

"Ni? Kai ne babba, kai ka ɗauka!"

Amma ita ta ɗauka, ta miƙe hannu nesa, tana tafiya tana kiran sunan Yesu da yarensu. Ina durƙushe ina kuka, sai na ji dariya tana neman fita tare da kukan.

Kafin magariba ruwa ya tafasa. Maman Ladi ta zaunar da ni a kujera 'yar tsugune a wurin wanka, ta tsoma ganye tana fyaɗa mini. Zafi! Na yi ihu, ta ce, "Yi ihunki, bashin wanka ne kike biya." Ta gasa mini ciki da tawul. Ta cuɗa ni da soso kamar tana wanke tukunya. Ruwan da yake gangarawa ban so in duba ba.

Tana cuɗa bayana ne na faɗa mata, don ba ta ganin fuskata.

"Mama, ba na son yaron."

Hannunta bai tsaya ba. "Na ji."

"Yau da na ajiye miki shi a ƙofa na gudu."

"Da na biyo ki har tasha da muciya. Ɗaga hannu." Ta wanke hammata. "Kina tsammani ke kika fara? Ladin nan da ake kirana da sunanta, na taɓa ajiye ta a gindin rumbu na nufi rafi, ba da niyyar dawowa ba. Uwar mijina ce ta biyo ni. Ke ba mayya ba ce, yarinya. Macen da ba ta ci ba, ba ta yi barci ba, ba wanda ya taɓa jikinta, ko mala'ika aka sa mata a cinya ture shi za ta yi. So zai zo. In bai zo yau ba, mu za mu so shi kafin ki warke."

Iya Tunde ta dama kunun tamba daga kwandon Mama, ta tsaya a kaina sai da na shanye. Suka wanke yaron, suka shafa masa man kaɗe a wuya. Kafin su tafi muka durƙusa mu uku a ɗakin da yake warin sabulu da hayaƙi. Maman Ladi ta yi addu'a da Hausa, ta ce duk muryar da ba ta Makiyayi ba ta fita daga ɗakin nan. Muka ce amin. Ta aika aka kawo tabarmarta, ta ce nan za ta riƙa kwana har maigidana ya dawo.

Tun daga ranar ban sake jin muryar nan ba. Haleluya!

Ba zan ce muku na warke rana ɗaya ba. Akwai ranakun da abin ya riƙa dawowa kamar zazzaɓi. Amma ƙofata a buɗe take, kuma akwai wadda zan faɗa wa. Da Yohanna ya dawo ya ji, ya zauna a bakin gado ya yi kuka kamar yaro. Mama ta zo da rani tana dogara sanda. Maman Ladi ta shirya jin faɗa, sai tsohuwa ta jefar da sanda ta kama ƙafafunta. Ba mai jin yaren wani, suka yi ta kuka suna gyaɗa kai.

Na gode wa Ubangiji da bai toshe hanci ya wuce ni ba. Na gode masa don Maman Ladi da Iya Tunde. A wurinsu na koyi Hausa, su ne suka ja ni zumunta, su ne suka kai ni ajin karatu.

Amma akwai abin da har yau yake tayar mini da zuciya, kuma a hankali zan faɗa, ba faɗa nake yi ba. Gaisuwar bakin ƙofa ce. "Lafiya?" "Lafiya lau." Mu wuce, mu ce mun yi zumunci. Garin nan cike yake da yara irina na wancan lokaci. Amare da aka kawo daga ƙauye, 'yan mata masu koyon aikin asibiti, samari da suka gama makaranta a Kagoro suka kama ɗaki su kaɗai. Wani yana ruɓewa a bayan labule, bango ɗaya tsakaninmu, mu kuwa muna kiyaye al'ada. Iyayena, ku shiga. In uwar ta zo ta yi faɗa, ta yi. Faɗa ya fi gawa.

Ke kuma yarinya, kai kuma saurayi, in kana cikin irin ɗakin nan, kada ka ce sai ka gyara kafin ka buɗe. Ba za ka gyara ba, ni na gwada. Ka kira Yesu yadda kake, ka dogara gare shi. Yana da mutanen da zai aiko, kuma ba su da nisa. In sun buga, ka zare sakata kawai.

Washegarin ranar da na zare sakatar nan, da sassafe, Maman Ladi ta gama yi mini wanka, ta sirka ruwa a daro za ta wanke yaron. Na ce, "Mama, bari in gwada."

Ta dube ni. Ta miƙo shi.

Na karɓe shi na sa a daro. Tana tsaye a kaina tana faɗa: "Tallafe kan! Ba doya ba ce! Kada sabulu ya shiga ido!" Yana ta tsala kuka, yana santsi kamar tarwaɗa. Na wanke wuyan a hankali, har yanzu da sauran wari, na cije ban kau da kai ba. Na juya shi in wanke bayan kunne, sai na ga wani ɗan baƙin tabo kamar ƙwayar acca. Na goga, bai fita ba. Na sake gogawa.

Maman Ladi ta ce, "Za ki sale masa fata. Ba datti ba ne, da shi aka haife shi."

Duk kwanakin nan ban sani ba.

Na naɗe shi a tawul na zauna a bakin ƙofa, ina duba shi gaɓa gaɓa, yatsu, cibiya, gira, ko akwai wani abin da ban gani ba. Iya Tunde ta kawo kunu ta ajiye kusa da ƙafata. Har kunun ya huce, ya yi fata a sama, ban sauke yaron ba.